Sabon Gida: sunan da ba ya tsufa

Wanda ya bar Madawa ya yi kudu ta wajen iyakar Najeriya, cikin fadamun da ake noman albasa, zai tarar da gari mai suna Sabon Gida. Shi ne mazaunin ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na gundumar Madawa, tare da Madawa kanta, da Azarori, da Bangi, da Galma Kudawace, da Urno. A cikin sunayen nan shida babu wanda ya kai shi sauƙin fahimta. Yaron da bai shiga lakwal ba ya san sabo, ya san gida. Saboda haka ne ma ba a tsayawa a kansa. Idan ana hirar asalin sunaye a zaure, ko a taron ƙungiyar raya al'adu, sai a yi ta kai da kawowa a kan sunayen da ma'anarsu ta ɓuya, kowa na kawo abin da ya ji daga bakin kakansa. In an zo kan Sabon Gida kuwa, sai a ce ai wannan a fili yake, a wuce. Alhali akwai tambayoyi biyu cikin sunan waɗanda ba a amsa ba: sabo ne a wurin wa, kuma ina tsohon yake?

Bahaushe ba ya kiran mazauni da kalmar da ta zo masa baki kawai. Birni shi ne mai ganuwa da ƙofofi da sarki. Kafi shinge ne na itace da aka yi don tsaro, kamar yadda ake ji a sunan Sabon Kafi na ƙasar Damargu. Zango masaukin ayari ne, kuma unguwar Zango ta Damagaram ta samo sunanta ne daga saukar fatake da raƙumansu a bayan ganuwar Birni. Tunga wurin da manoma ko masunta suka fara zama ne na ɗan lokaci, kafin zaman ya ɗore. Ruga ta Fulani ce. Gida kuwa, a cikin waɗannan duka, shi ne mafi ƙanƙanta, kuma ba gini ake nufi da shi ba tun farko. Gida mutane ne: maigida da matansa da ƴaƴansa da ƙannensa, masu noma gandu ɗaya, masu ci daga rumbu ɗaya. Garin da ake kira gida yana shaida cewa bai fara da sarauta ko kasuwa ba. Ya fara da iyali guda da suka sari daji, suka gina rijiya, suka kafa bukkoki, sa'an nan wasu suka zo suka raɓa da su.

Irin waɗannan garuruwa sun cika ƙasar, daga Adar har Gobir da Katsinar Maraɗi, kuma galibinsu suna ɗauke da sunan wanda ya kafa su. Gidan Rumji da Gidan Idar misalai ne da duk mai bin babbar hanya ya sani. A irin wannan suna an rubuta mai wuri a goshin garin, ko bayan shekara ɗari jikokinsa na iya nuna shi. Sabon Gida bai ambaci kowa ba. Kuma in aka lura, ba suna ba ne da mazauna wuri za su raɗa wa kansu, don wanda ke cikin gidansa ba ya kiransa sabo sai na ƴan kwanaki. Waɗanda aka bari a baya ne ke cewa su wane sun koma sabon gida, maƙwabta su ɗauka, ƴan kasuwa su yaɗa, har maganar ta daskare ta zama suna. Ke nan sunan kallo ne daga wani wuri, kuma wurin nan da aka tsaya aka yi kallon shi ne rabin tarihin da ya ɓace. Wani lokaci tsohon garin yana nan da ransa, tafiyar sa'a guda. Wani lokaci kuwa ya zama kufai, babu abin da ya rage sai tsamiya da fasassun tukwane da garma ke tonowa da damina.

Ba abin mamaki ba ne a sami irin wannan suna a wannan yanki, domin ƙasar Madawa, wadda ake kira Gobir Tudu, tana cikin tarihin mutanen da suka fi kowa sanin tashi da sake zama. Gobirawa sun fito daga Abzin, sun zauna Birnin Lalle, daga baya Sarki Babari ya kafa Alkalawa a ƙasar Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18. Alkalawa ta faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808. A 1836, a Gawakuke, cikin Gobir Tudu ɗin nan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da abokansu Abzinawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda. Waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Bayan wasu shekaru rigimar gidan sarauta ta sa Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri, ya koma kusa da kufan Alkalawa ya gina nasa gari, wanda aka kira Sabon Birni. Yau Sabon Birni na cikin jahar Sakkwato a Najeriya, Tsibiri na cikin Nijar, kuma birnin da ake kira sabo ya haura shekara ɗari da ɗoriya mai yawa. Abin da sarakuna suka yi da birni, shi talakawa suka yi ta yi da gida, ba tare da marubuci ya bi su da alƙalami ba. Duk yaƙin da ya tarwatsa babban gari ya haifi ƙananan mazaunai da dama.

Ta arewa kuma wasu baƙin suka sauko. A ƙarni na 18 Abzinawan Kel Geres suka bar duwatsun Abzin bayan da Kel Awai suka fi ƙarfinsu, suka zauna a tsakanin Adar da Gobir. Galma da Azarori suna cikin wuraren da manyansu suka yi mazauni. Su ne masu raƙuman da ke ɗauko gishirin Bilma da Fashi zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, su koma da gero da tufafi, kuma suna da ƙauyuka na manoma da ke ƙarƙashinsu masu ba su rabon hatsi duk kaka. Da zuwansu taswirar ƙasar ta sami harshe na biyu. A Tamajak akwai hanyar raɗa wa wuri suna da ta yi daidai da "mai kaza" na Hausa, wato a fara da In ko Shin ko Tin, kamar Cintabaraden da ke arewacin jahar Tawa, wadda ma'anarta ita ce ta ƴan mata. Makiyayi yakan kira wuri da abin da ya gani a can, rijiya ko itace ko wani abin da ya taɓa faruwa, domin shi wurin alama ce a kan hanya. Manomi ma yakan yi haka, ga Tumfafi nan kusa da Madawa da sunan tsiron da kowa ya sani. Amma manomi ya fi damuwa da wanda ya riga wani zuwa, don a kan wannan ne gonarsa ta dogara.

Zuwan Turawan Faransa ya ƙara yawan sababbin gidaje fiye da kowane zamani. Sun ci Kel Geres da yaƙi a Zangebe da Galma a 1901. Yarjejeniyar da suka yi da Ingila a 1898 ta bar wa Ingilishi duk abin da ke cikin mil 100 kewaye da Sakkwato, abin da ya hana Faransawa hanya mai ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram, sai da aka sake shata iyakar a 1904 da 1906 sa'an nan ƙasar Ƙonni da Madawa ta tabbata a hannunsu. Da hare-hare suka yi sauƙi, mutanen da tsoro ya tara a gindin duwatsu da cikin kafi suka bazu cikin daji neman gona. Masu binciken tarihin Adar, irin su Nicole Echard da Djibo Hamani, waɗanda littattafansu suka fito a 1975, sun nuna yadda jama'ar wannan ƙasa ta taru daga ƙaura bisa ƙaura, kowane rukuni da labarin inda ya fito. Mulkin Nasara kuma ya zo da nasa dalilan tashi. Akwai haraji, wanda mutanen ƙasar ke kira lanho, akwai aikin tilas da ba a soke ba sai a 1946, akwai ɗaukar soja. Iyali kan kwashe kayansu da dare su ƙetare iyaka, in abubuwa sun lafa su komo, ba lalle a tsohon wurin ba. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta watsa garuruwa, haka ta 1931, haka farin 1973 da na 1984. Akwai kuma waɗanda dokar hana cinikin bayi ta 1905 ta buɗe wa ƙofa sannu a hankali, suka janye daga gidajen iyayengijinsu suka sari nasu daji. Ga mutumin da yake so a daina kiransa da sunan wani, suna irin Sabon Gida, wanda bai jingina shi ga kowa ba, yana da daɗin da mai asali ba zai gane ba.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yin haka ba, kuma malamin da ke koyar da Faransanci yana da misalai a hannu. Faransa cike take da garuruwa masu suna Villeneuve da Neuville, waɗanda fassararsu ita ce sabon gari. Gadar da ta fi kowace tsufa a kan kogin Seine a Paris, wadda aka gama a 1607, sunanta Pont Neuf, wato sabuwar gada. Kartaj ta ƙasar Tunisiya, da harshen Finisiyawan da suka kafa ta, sabon birni take nufi, haka Napoli ta Italiya da harshen Girka. Turawan da suka ƙaura Amurka su kuma sai suka riƙa ɗaukar sunan tsohon garinsu suna manna masa "sabo", kamar New York da New Orleans, da ɗimbin ƙananan garuruwa da ba a jin sunansu. Nan akwai bambanci. Bahaushe bai cika cewa Sabuwar Katsina ko Sabuwar Alkalawa ba. Tsohon suna yakan tafi da shi ne ta wata hanya: cikin sarauta, kamar yadda mai mulkin Maraɗi yake Sarkin Katsina, na Tsibiri yake Sarkin Gobir, ko cikin sunan jama'a, shi ya sa ake samun ƙauyuka da unguwanni masu suna Gobirawa, Katsinawa, Adarawa, Zamfarawa.

Inda kalmar sabo ta yi tafiya mafi nisa, kuma ta canza fuska, shi ne a biranen zamanin mulkin mallaka. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano, hukumar Ingilishi ta keɓe Sabon Gari a 1913 don ma'aikata da ƴan kasuwa da suka zo daga kudu, a wajen ganuwa, nesa da hukuncin alƙalin birni. Zariya ma ta sami nata. A waɗannan wurare Sabon Gari ya zama unguwar wanda ba Bahaushe ba. A Ibadan kuwa, unguwar Sabo da aka kafa a 1916 ta Hausawa ce, masu cinikin goro da shanu, a tsakiyar Yarabawa. A Ankara ta ƙasar Gana, Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20 shi ma mazaunin Hausawa ne. Har a jahar Edo, inda Hausa ba harshen gida ba ce, hedikwatar ƙaramar hukumar Owan ta Yamma sunanta Sabongida-Ora. Kalma ɗaya ce, amma a Kano tana nuna Ibo da Bayarabe, a Ibadan tana nuna Bahaushe. Abin da bai canza ba shi ne mai kallo: kullum wanda ya riga zama ne ke cewa wancan sabo ne. Kuma rikicin Kano na watan Mayu 1953, da kashe-kashen 1966, sun nuna abin da kan biyo baya idan unguwa ta shekara arba'in ko hamsin ana ce mata ta baƙi.

Wannan ne ya sa batun bai tsaya ga masu sha'awar harshe ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, kuma a karkara maganar nan tana da nauyin gona. Bisa al'ada, wanda ya sari daji shi ne mai ƙasa, wanda ya zo bayansa aro aka ba shi, ko kyauta, ko jingina. Muddin daji na nan ba a damu da bambancin ba. Da jama'a ta yi yawa, fadamun Tarka da na Majiya suka zama dukiya saboda albasa, sai kowane kadada ya sami masu da'awa. A 1974 Seyni Kountché ya yi shelar cewa gona ta mai nomanta ce, abin da ya ƙarfafa masu aro ya ɓata wa masu asali. Dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda aka fi sani da Code rural, ta daidaita mallakar gargajiya da ta takarda, ta kuma amince da gadon da tunawar jama'a ta tabbatar. Ta ba makiyaya fifikon amfani da wuraren da suka saba zama, aka kuma kafa kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo. To, tunawar jama'a a ina take zaune? Tana bakin tsofaffi, tana kuma cikin sunaye. A gaban sarki ko kwamiti, mai da'awa na iya cewa sunan garinku ma ya nuna ku ne kuka tarar da mu. Hujja ce mai kama da gaskiya, amma ba ta da ƙarfin da ake ba ta. Suna yana faɗin cewa wani ya riga wani, ba ya faɗin shekarar, ba ya faɗin ko dajin da aka sara yana da mai shi a lokacin, ba ya faɗin sharaɗin da aka yi. Sau da yawa ma masu sabon gidan ƴaƴan tsohon ne, jini ɗaya, gado ɗaya, cunkoso ko saɓanin ƴan uba ne ya fitar da su.

Sai kuma abin da takarda ta yi wa sunan. Kafin boko, malamai na rubuta sunayen ƙasashe da garuruwa da haruffan Larabci, kamar yadda Muhammadu Bello ya yi a Infaƙul Maisuri. Amma rubutun da ya zauna a ofis shi ne na Faransawa. Tawagar Kyaftin Tilho da ta shata iyaka daga 1906 ta tafi da tafinta mai suna Landeroin, wanda ya ji Hausa har ya wallafa nahawu da ƙamus, ya kuma tattara tarihin sarakuna. Duk da haka kunnen Bafaranshe da ƙa'idar rubutunsa ne suka yi aiki a taswira. A Faransanci harafin g in ya zo gaban i sai a karanta shi kamar j, don haka da an rubuta Gida da sun ce Jida. Sai aka cusa u a tsakani, aka sami Guida. Da wannan dalili Bangi ta zama Bangui, rubutu ɗaya da babban birnin Afirka ta Tsakiya. Wasalin u da harafin w suka koma ou, Madawa ta zama Madaoua, Buza ta zama Bouza, Tawa ta zama Tahoua har da h da ba a furtawa. Haruffa masu lanƙwasa suka ɓace, Ƙonni da Maraɗi suka rasa ƙ da ɗ, Tsibiri ta zama Tibiri. Azarori, wadda ta ratsa bakin Abzinawa da na Hausawa kafin ta isa kunnen Bature, ana samunta a rubuce Azarori, ana samunta Arzérori. Shi kansa Sabon Gida wani ya raba shi biyu, wani ya sa masa karan ɗori, wani ya haɗe shi Sabonguida.

A nan ne asarar take, ko da ba ta da girma a ido. Ɗalibin da ya iya karanta Hausa, in ya ga Sabon Gida ya ga kalmomi biyu da ya sani, kuma tambayar ina tsohon na iya zo masa. In ya ga Sabonguida a takardar haihuwarsa, lamba ce kawai irin ta mota. Akwai yaran birni da ke furta sunayen garuruwan iyayensu yadda mai karanta labarai da Faransanci ke furta su, suna jin haka ne daidai, na bakin kaka kuwa ƙauyanci. Ba rashin ƙa'ida ba ne ya jawo haka. An yi taron Bamako a 1966 kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, an buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida tun 1973 a Damagaram, an yi taron Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Najeriya, gwamnati kuma ta tsayar da ƙa'idar rubutun a 1999. Sai dai lokacin da dokar 2002 ta kafa ƙananan hukumomi, aka yi zaɓensu na farko a 2004, da rubutun taswirar Faransawa aka yi musu hatimi.

Wasu ƙasashe sun canza suna ɗungurungum, kamar yadda Fort-Lamy ta zama Njamena a 1973, Haute-Volta ta zama Burkina Faso a 1984. A Yamai ma, a watan Oktoba 2024, an cire sunan Charles de Gaulle daga babban titi aka sa na Djibo Bakary, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Amma matsalar garuruwan Adar da Gobir Tudu daban take, domin Faransawa ba su sake musu suna ba, rubutun kawai suka karkatar. Gyaran ƙarami ne, wahalarsa kuwa babba. Takardun haihuwa, da na jarrabawa, da na gonaki, da katin shaida, duk suna ɗauke da tsohon rubutu, kuma duk wanda ya taɓa ganin an mayar da takardun ɗalibi saboda harafi ɗaya ya saɓa tsakanin takarda da takarda ba zai yi gaggawar cewa a goge ba. Abin da ya fi sauƙi, kuma bai jiran doka, shi ne allon bakin gari ya ɗauki rubutun biyu, malami kuma ya rubuta su gefe da gefe a aji ya bayyana dalilin u ɗin da ke cikin Guida. Darasi ne na Faransanci da na Hausa a lokaci guda.

Ƙungiyoyin raya al'adu da ke zuwa ƙauyuka da rakoda sukan tambayi tsofaffi ma'anar sunan gari, in ma'anar a fili take sai su rufe littafi. A garuruwa irin Sabon Gida tambayoyin da ke fitar da tarihi wasu ne: daga wane gari aka taso, wa ya gina rijiyar farko, wa aka roƙa izni kafin a sari dajin, a wace maƙabarta ake kai gawa a shekarun farko, da kuma wane gari ne har yanzu ba a yin aure ko naɗin maigari sai an aika masa da goro.